'Yar Wuƙar Kawu da Na Ɓatar

Ranar addu'ar uku, rumfar da muka kafa a ƙofar gidan Kawu a Bungudu ta yi mana kaɗan, sai da muka aro tabarmin masallaci muka shimfiɗa a gindin dalbejiya. Kawu wan mahaifiyata ne. A hannunsa na zauna lokacin da na baro Tsafe na zo Gusau neman abin yi, don haka ni aka zaunar kusa da babban ɗansa muna karɓar gaisuwa. Wanda ya ba mu shi ne ya karɓi abinsa, kuma can dukkanmu muka nufa.

Abin da na lura da shi a zaman nan shi ne, kowa ya shafa addu'a ya ɗan gyara zama, sai ya ɗauko zancen wuƙa. Liman ya ce shekara da shekaru duk wasiƙar da ta zo masallaci Kawu ake jira ya buɗe ta, don shi kaɗai ne ba ya yaga takardar ciki. Wani tela ya ce bai taɓa kai masa ɗinki ba tare da ya zaro 'yar wuƙarsa ya bi bakin hannun riga yana datse zaren da aka bari ba, yana yi yana harararsa. Akwai wani tsoho maƙwabcinsa da haƙora suka ƙare wa. Shi tasa maganar sai da aka raba goro ta fito. Ya karɓi nasa ya jujjuya shi a tafin hannu, ya ce, "To yanzu wa zai yanka min?" Sai ya fashe da kuka, mu ma ya sa mu.

Wajen azahar wata tsohuwa ta sauko daga motar haya, ta lulluɓe kanta da gyale. Madam ce, Kirista daga kudu, wadda ta yi aikin buga takardu a ofis ɗaya da Kawu kusan shekara ashirin, ta kuma zauna Gusau bayan ta yi ritaya. Ta shiga cikin gida wajen Inna, matar Kawu, ta daɗe. Da ta fito ta tsaya a bakin rumfa ta bi mu da ido har ta gane ni.

"Kai ne mai wuƙan nan," in ji ta.

Wasu suka yi murmushi, wasu suka sunkuyar da kai, domin babu wanda bai san labarin ba.

Na ce, "Ni ne, Madam."

"Ya yafe maka kafin ya tafi?"

Ban iya ba ta amsa a gaban mutane ba. Ni ɗan kasuwa ne, na saba faɗin abu yadda yake, amma ran nan bakina ya yi nauyi. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan. Na yi wa Kawu laifi a kan abin da wani zai ce bai kai a ɗaga murya ba, na kuma shafe kusan shekara biyu ina neman ya sake karɓar wuƙa daga hannuna. Wanda bai san wannan ba bai gama sanin Kawu ba.

Kawu akawu ne a ɗakin ajiyar takardu. Tun Gusau ba ta zama babban birnin jiha ba yake wannan aiki, aka zo aka ƙirƙiri jiha, aka cika gari da ofisoshi da babura, shi yana nan tsakanin fayil-fayil ɗinsa. Kullum cikin farar shadda, wankakkiya, gogaggiya, hula a karye gefe guda. A aljihun gaba akwai biro biyu. A aljihun gefe na dama akwai carbi da 'yar wuƙa mai naɗewa. Shi yuƙa yake ce mata, kamar yadda tsofaffinmu na nan suke faɗi.

A watan da ya kama aiki ya saye ta, a wani kanti kusa da tashar jirgin ƙasa. In an naɗe ta ba ta kai tsawon yatsan tsakiya ba. Ƙotarta ta asali ta tsage tun ina yaro, mahaifina ya kai shi wajen wani maƙeri a Tsafe aka sa mata ta ƙaho. Hannu ya goge ƙahon nan har ya koma kalar zuma. Ruwanta, wato ƙarfen da ke yanka, ya sirance saboda washi.

Na zauna a gidansa shekara huɗu, kuma ban tuna ranar da ban ga wuƙar nan ta yi aiki ba. Da safe ya fiƙe fensir da ita, ɓawon ya fito a murɗe bai tsinke ba. A ofis ya tsaga ambulan, ya datse igiyar fayil, in alƙalami ya zame wa wani ya karɓi takardar ya kankare tawadar a hankali har ba a gane an taɓa kuskure. Da yamma in mun zauna a zaure ya fere rake, ya yayyanka gunduwa-gunduwa ya tura wa kowa nasa. In lokacin mangwaro ne muka je Bungudu, sai ya zauna kan tushen bishiya da farar rigarsa ya fere guda biyar, ɗigo ɗaya bai taɓa shi ba. Mu kuwa har gwiwar hannu muke jiƙewa. Yana gamawa ya goge ta da hankici, ya naɗe, ta koma aljihu. Ba ka jin ƙararta, ba ka ganin tudunta a jikin riga.

Yana da ƙa'idodinsa, kuma ba ya gajiya da faɗinsu ko ba a tambaye shi ba.

"Yuƙar ofis," in ji shi, "in ka buɗe ta wanda ke kusa da kai ya ja kujerarsa baya, to ba ta ofis ba ce, ka kai ta mahauta."

Wata rana kuma ya ce, "Wadda ake buɗewa da hannu biyu ita ce ta mutanen kirki. Kafin ka sa farce ka jawo ta, ka tuna abin da za ka yanka."

Ina jin waɗannan maganganu kamar yadda ake jin rediyon maƙwabta. Hankalina yana kasuwa. Da faranti na fara, a tashar mota: kwaɗo, reza, almakashi, tocila. Daga faranti na koma tebur, daga tebur na kama shago, har na kai ina sauke kaya katan-katan daga Kano da Legas ina raba wa 'yan ƙauye. Wuƙaƙe suna cikin kayan da suka ɗaga ni. Na san wadda ke tafiya kafin babbar salla, na san wadda samari ke so, na san wadda za ta kwana a shago. Na ɗauka wannan shi ne sanin wuƙa.

Kawu bai taɓa raina sana'ata ba. Ranar da na buɗe shago shi ya fara shigowa, ya yi addu'a, ya zaro wuƙarsa ya yanke igiyar katan na farko. Bayan ya yi ritaya ya koma gidan gado a Bungudu, duk shigowar da zai yi Gusau sai ya biyo ta shagona ya zauna kan benci ya sha shayi, yana gyara wa masu sayayya lafazi.

Laifin nawa ya fara ne ranar sunan ɗana na uku, wanda na sa wa sunan Kawu. Ina so in yi masa abin da za a gani. A cikin kayan da suka zo min akwai wata wuƙa da ba ta da na biyu a shagon: doguwa, baƙa, mai ƙyalli, a cikin akwatinta mai shimfiɗar jan ƙyalle. Tana da madanni a gefe, kana dannawa ruwan ya fito da kansa, fat! Ita ce mafi tsada, ni kuwa a lokacin abin da ya fi tsada shi ne abin da ya fi daraja. Bayan an raɗa suna an shafa fatiha, mutane cike da ƙofar gida, na durƙusa na miƙa masa.

Ya buɗe akwatin ya duba. Bai taɓa ta ba tukuna. Ya ce, "Allah shi yi albarka."

Da na tsaya nan da sauƙi. Sai na ƙara da cewa, "Kawu, tsohuwar nan ta yi aikinta, ta huta haka. Ka ba ni ita in ajiye wa takwaranka."

Jama'a suka ɗauka, "Ma sha Allah! Wannan magana ta yi!" Kowa a ƙasar nan ya san babba ba ya mayar da kyautar ɗa a gaban taro, balle an haɗa da sunan jaririn da aka yi masa takwara. Na san haka sarai. Na ɗaure shi da kara kamar yadda nake ɗaure mai saye da daɗin baki. Ya sa hannu a aljihu, ya daɗe bai fito da shi ba, sannan ya miƙo min. Ɗumin jikinsa na jikinta. Na jefa ta a aljihuna na koma wajen baƙi. Washegari na saka ta a wani katan a shago, da niyyar in nemo mata wuri mai kyau.

Bayan kamar wata ɗaya aka kira tsofaffin ma'aikata tantancewar fansho a wani ofis a Gusau. Kawu ya saka sabuwar shaddarsa, ya saka wuƙata a aljihu, don ba ya fita ba wuƙa, kuma ita kaɗai gare shi. Lokacin hankalin mutane a tashe yake saboda abin da ke faruwa a hanyoyi da ƙauyukanmu, kowace ƙofa an sa masu gadi da sandar nan mai ƙara da ake shafa wa mutum a jiki. Aka shafa wa Kawu, ta yi ƙara. Ya fito da wuƙar da kansa ya miƙa, kamar yadda ya saba miƙa tsohuwar a duba a mayar masa. Mai gadin ya jujjuya ta, yatsansa ya hau madannin. Ruwan ya yi tsalle ya fito a gaban layin tsofaffi.

Madam tana cikin layin, ita ta ba ni labari daga baya. Ta ce mata suka yi ihu, wani tsoho ya faɗi kan sandarsa. Aka janye Kawu gefe, aka zaunar da shi a ƙasa, aka cire masa hula ana laluba cikinta. Wani yana tambayarsa wa ya aiko shi, su wa yake kai wa rahoto a daji. Mutumin da ya shekara talatin da wani abu yana riƙe da makullin takardun gwamnati. Ta ce shi kuwa Kawu idonsa na kan hularsa da ke hannun wani. Ita ce ta fito daga layi ta tsaya a kansu tana faɗa, ta ce in wannan mutumin ɗan ta'adda ne to ita ma a kama ta. Sai da wani babba ya fito daga ciki ya gane shi, aka ba shi haƙuri, aka mayar masa da hula. Wuƙar aka riƙe. Bai nemi a mayar masa da ita ba.

Ban zargi masu gadin ba, har yau. Ni ma in na ga irin wannan wuƙa ta fito daga aljihun baƙo a ƙofar shagona, zan ja baya.

Labari ya iso ni a shago, da yamma na kama hanyar Bungudu. Na same shi a zaure, rigar da aka zaunar da shi da ita a ƙasa tana rataye a ƙusa, bai bari an wanke ba tukuna. Na fara ba da haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Ba kai ka zaunar da ni ba. Ni na ɗauki abin da na san ba nawa ba ne. Kawo min tawa kawai."

Na ce gobe in sha Allahu.

Na koma na birkice shago. A tsakanin nan mun tashi daga tsohon layi mun koma sabo, an zubar da katan-katan da yawa, an ba masu gwangwan tarkacen ƙarfe. Na duba ko'ina, na bi masu gwangwan har inda suke tara kaya. Babu ita babu alamarta.

Nan na yi laifi na biyu, wanda ya fi na farko. Na je na ce masa tana nan, na manto ta a shago. Mako na gaba na ce makullin durowar ne ya ɓata. Na uku na ce na ba a wasa ta. Ni da nake alfahari ban taɓa sayar wa mutum jabu da sunan na gaske ba. A zuwa na huɗu, ina cikin haɗa wata ƙaryar, ya ce, "Ɗan ƙanwata, dube ni."

Na dube shi.

"Ta ɓata?"

"Ta ɓata, Kawu."

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun washegarin ranar da ka ce in kawo ta."

Ya ja carbinsa. Can ya ce, "Da ka faɗa min ran nan, da yuƙa kaɗai na rasa."

Bai zage ni ba, bai kai ƙarata wajen mahaifiyata ba. In na gaishe shi yana amsawa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya. Amma ya daina biyowa ta shagona. Sai in ji a bakin mutane cewa an gan shi a Gusau. Kuma ya daina ɗaukar wuƙa. Na ga Kawu yana yaga ambulan da yatsa. Na gan shi yana datse zare da haƙori. Goron maƙwabcinsa sai an aika cikin gida Inna ta yanka da wuƙar albasa, tsohon yana ci yana ƙorafin wari. Duk wanda ya ga haka ya san dalili, ya kuma san ni ne.

Na yi abin da ɗan kasuwa ya iya: na fara kai masa kaya.

Ta farko mai ruwan zinariya ce, da zane a ƙota. Ya karɓa ya jefa a aljihu ya miƙe tsaye. Wuyan rigar ya karkace gefe guda.

"Dube ni," in ji shi. "Kamar na sato kwaɗo a shagonka. Mayar."

Ta biyu irin mai kayan aiki da yawa ce, da almakashi da zarto da abin buɗe gwangwani. Ya bi su ɗaya-ɗaya yana buɗewa har ta zama kamar ƙaguwa a hannunsa. Ya tsaya kan wani murɗaɗɗen ƙarfe.

"Wanga fa, na mi ne?"

Na ce na cire toshiyar kwalba ne.

"Wace irin kwalba?"

Na sosa ƙeya, don kwalbar giya ce. Inna da ke bayan ƙofa ta kasa riƙe dariya.

"Ɗaurin aure za ni da ita ko gareji? Mayar."

Ta uku siririya ce, marar nauyi, na ce yau na dace. Amma tana da ɗan ƙarfen maƙalawa a baya. Ya maƙala a bakin aljihu, ya zare, ta fizgo zare biyu daga aikin rigar. Ya nuna min su. Sannan ya ce ko ba ta ci riga ba, abin da ke leƙowa daga aljihu talla yake yi, shi kuwa ba ya tallar yuƙa. Ta huɗu ya yanka lemon tsami da ita ya ajiye a kan tabarma muka yi sallar la'asar, muka dawo ta yi baƙi. Ta biyar taurin buɗewa gare ta, ta ɓalle masa farce. A kowace tafiya ina ƙara tsada, shi kuma yana ƙara gajarta magana.

Ranar da na kai ta shida bai ma buɗe takardar da na naɗe ta ba. Ya ce, "Wacce ke aljihunka?"

Na shafa aljihu. Waya, makullai, biro.

"Babu, Kawu."

"Shekara nawa kana sayar da yuƙa?"

"Ashirin da 'yan kai."

"Ba ka taɓa yini da ɗaya a jikinka ba. Ba ka san yadda take zama in ka durƙusa sujada ba, ba ka san yadda ake kallonka in ka fito da ita ba. To mi kaka zaɓa min? Ni ba mai saye ba ne, ɗan ƙanwata. Kada ka ƙara kawo min."

Na fito raina a ɓace. A mota ina ta faɗa ni kaɗai, tsoho ya cika taurin kai, wuƙa wuƙa ce. Kafin in kai Gusau faɗan ya ƙare, don na san gaskiya ya faɗa. Abu ne da ni kaina nake gaya wa masu kawo min kaya: kada ka yaba min abin da ba ka gwada ba.

Ban ƙara kai masa ba. Amma abin ya tsaya min a rai, sai na fara saka wuƙa a aljihuna, don in ga abin da yake gani. Ta farko kwana uku ta huda min aljihun sabuwar shadda. Wata ta zubar min da mai a farar riga ranar ɗaurin auren ɗan abokina. Wata na fito da ita a banki zan yanke igiyar wata takarda, matar da ke bayan kanta ta ja kujerarta baya, na ji kamar Kawu na tsaye a kaina. Haka na yi ta canzawa.

Wadda na tsaya a kanta daga ƙasan wani katan ta fito, cikin kayan da suka shekara uku ba wanda ya taya. Ƙarama, ƙotar baƙin itace, ƙusoshin tagulla biyu, ba zane ba ƙyalli. Tana buɗewa da farce ba gardama, tana rufewa ba ƙara. Aibinta ɗaya, tsininta ya yi yawa. Da na je Tsafe gaida mahaifiyata na biya maƙera. Maƙerin da ya yi wa Kawu ƙota ya daɗe da rasuwa, ɗansa ne a wurin, shi ma furfura ta fito masa. Ya goge min tsinin ya ɗan zagaye shi. Na koyi wasa ta a gindin kofin shayi na tangaran. Na koyi ɗiga mata man keken ɗinki ɗigo ɗaya a gaɓa, in goge sosai kafin ta koma aljihu. A ƙofar ofisoshi nakan ajiye ta a tebur tare da makullai, mai gadi ya ɗaga ya duba ya ce, "Ta fiƙe fensir ce," ya turo min abata. Na fere lemo da ita a mota, na yanke takardar farashi a jikin sabuwar hula, na buɗe wasiƙun makarantar yara. A hankali na daina tunanin gwaji nake yi. Ban gaya wa Kawu ba, don ya ce kada in ƙara, kuma na riga na fid da rai.

Ana nan ciwon suga ya taso masa, ya fito masa da gyambo a ƙafa. Duk ranar Asabar nakan kai masa magani da bandeji daga Gusau. Wata Asabar da hantsi na same shi a zaure, ƙafar a kan matashi, Inna tana fama da ƙullin tsohon bandejin da ya ƙi kwancewa. Ta ce bari ta ɗauko almakashi. Na ce, "Bari, Inna," na durƙusa na zaro wuƙata, na zura ta ƙarƙashin ƙullin da bayanta a jikin fata, na datse. Na goge ta da hankici zan mayar aljihu. Wallahi ban yi don ya gani ba, hannuna ne ya saba.

"Ba ni in gani."

Na miƙa masa. Ya auna ta a tafin hannu. Ya sa farce ya buɗe, ya rufe kusa da kunnensa, ya sake buɗewa. Ya ɗaga ta wajen hasken ƙofa ya bi kaifin da ido. Ya shafa ƙotar inda babban yatsana ya fara cinye ta. Har sansana ta ya yi.

"Wa ya rage mata tsini?"

"Ɗan maƙerin nan na Tsafe."

"Yana nan ashe. Da mi kaka wasa ta?"

"Gindin kofi."

"Ana gani. Kana danne hannu da yawa a gefen hagu." Ya juya ta. "Wata nawa tana jikinka?"

"Bakwai, Kawu."

"Ta taɓa ɓata maka riga?"

"Ita dai a'a."

"An taɓa tsare ka a ƙofa saboda ita?"

"Ko sau ɗaya."

Ya naɗe ta. Na miƙa hannu in karɓa, sai na ga ta wuce aljihunsa na dama. Ya ce in kama shi ya tashi. Na kama shi, ya tsaya da ƙafa ɗaya yana dafe da kafaɗata, ya gyara zaman rigarsa.

"Hajiya, dubi wuyan rigar nan. Ya karkace?"

Inna ta ce, "Bai karkace ba, Malam."

Ya koma ya zauna. Na ce, "Kawu, tawa ce fa."

"A da ke nan," in ji shi. "Kai da ka karɓi tawa sai da ka tara min gari. Ni ko shaida ban kira ba. Je ka nemi wata."

Inna ta juya mana baya tana goge ido da bakin zane. Ni kuwa na sunkuya na ci gaba da naɗa bandeji, na naɗa shi ya fi yadda ake bukata, don ban so in ɗago kai ba. Da na gama ya zaro wuƙar ya yanke min ragowar da kansa.

Wata tara ya yi da ita. Ƙafar ba ta bar shi ya sake shiga Gusau ba, amma duk Asabar ina shiga zaure, kafin in gama gaisuwa zai ce, "Ka samu?" In ce ina kan gwaji. Ya ce, "Kada ka yi gaggawa." Asabar ta ƙarshe muryarsa ta yi ƙasa sosai, sai da na kai kunnena bakinsa, kuma tambayar ke nan.

Ya Allah, ga bawanka ya zo maka da farar rigarsa. Ka yafe masa fiye da yadda ya yafe mana, ka yalwata masa makwanci, ka haskaka shi. Ka ba Inna da 'ya'yansa da mahaifiyata haƙurin rashinsa. Mu da muka rage, in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani. Amin.